Kujerun Fushin Baba

Ranar Asabar ɗin da muka binne Baba, duk wanda ya zo gaisuwa lungunmu na Nima, a Ankara ta ƙasar Gana, da abin zamansa ya zo. Yayana ya so ya ɗauko hayar kujerun ƙarfe masu naɗewa, irin waɗanda ake jerawa a jana'izar manya a Ankara, Mama ta ce ya huta, ya dai kafa rumfa. Kafin hantsi kuwa sai ga mutane suna ɓullowa ta kowane lungu, wannan ta ɗoro kujerar tsuguno a ka, wancan ya saɓo tasa a kafaɗa. Duk hannu ɗaya ya yi su. Ƙafafunsu a ɗan buɗe, samansu ya yi duhu yana sheƙi saboda man kaɗanya.

Hajiya mai koko, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, ita ta fara ajiye tata a gaban Mama. Ta yi gaisuwa, ta share hawaye da gefen mayafi, ta ce, "Mijinki mutum ne paa, mutum na gaske. Shekara talatin muna zaune, ban ji muryarsa a sama ba koraa, ko sau ɗaya. Kin ga kujeran nan? Ban roƙa ba, shi ya kawo mini har ɗaki. Uku ma nake da shi."

Mami mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake ƙunsawa a ganye, ta ce ita biyu gare ta. Telan bakin titi ya ce shi ɗaya tak, amma tasa ta fi ta kowa kyau. Kafin a ankara zaman makoki ya koma gasar wanda marigayi ya fi so. Da Fasto ya tashi wa'azi, sai ya ƙara wa abin gishiri, ya ce akwai bayin da Allah yake halitta ya manta bai sa musu fushi ba, kuma ga ɗaya kwance a gabanmu. Nan Mama ta rufe fuska da baƙin zanenta, kafaɗunta suna rawa. Matan zumunta na coci suka rugo suna yi mata fifita suna ba ta haƙuri. Ni da nake manne da ita na san dariya take yi.

Domin Baba, Allah ya ba shi hutawa, ban taɓa ganin mutum mai zafin zuciyarsa ba. Mu na cikin gida mun san alamun: kunnuwansa su motsa, jijiyar wuyansa ta tashi, ya cire hula ya mayar. Daga nan ba zai ce uffan ba. Zai juya ya shiga shagonsa na kafinta da ke ƙofar gida, ya tura ƙyaure, sai ka ji zarto ya fara kuka. Duk wanda ya ɓata masa rai, kujera yake yi masa. Ƙaramin laifi, 'yar kujerar tsuguno. Babban laifi, benci. Aiki na ƙarshe shi ne shafa man kaɗanya, kuma yana shafawa yana yi wa mai laifin addu'a, yana kiran sunansa. In ya ɗauko man ya ji addu'ar ta ƙi fita, to, da sauran fushi ke nan, sai ya ajiye man, ya fiffizge ƙafafun kujerar ya sake sabon aiki. Kujerar da ta sha mai, an yafe wa mai ita har ga Allah. Wadda ba ta sha ba, ba ta fita shago.

Ni dai dariyar Mama ba ta kama ni ba ranar. A duk gidanmu ni kaɗai ce Baba bai taɓa yi wa kujera ba, kuma na sha yi wa Yaya gori da wannan. Amma kwana tara kafin rasuwarsa na gaya masa maganar da 'ya ba ta gaya wa uba, na fita ina jin zarto a bayana, ban kuma sake ganinsa da rai ba. Mako uku ke nan da rasuwar, ana ta shirin jana'iza, shagon yana kulle. Mabuɗin yana rataye a ƙusa a ɗakin Mama, kullum sai na dube shi, na kasa ɗauka. Na san akwai kujerata a ciki. Abin da ban sani ba shi ne ko ta sha mai.

Baba daga arewa ya zo, daga wani ƙauye kusa da Bawku, yana saurayi, da zarto ɗaya da guduma. Yarensa daban ne, na Mama ma daban, a Hausa suka haɗu, a Hausa suka yi faɗa suka shirya, a Hausa suka haife mu. Mu kaɗai ne Kirista a lungun. In Kirsimeti ta zo, Baba ba ya yanka kajinsa da kansa, Alhaji mahauci yake kai wa ya yanka, don kowa a lungun ya ci ba tare da ya yi tambaya ba. In Babbar Sallah ta zo kuma, sai mun gaji da nama.

Akwai wani rami a jikin ƙyauren ɗakin Mama, daidai tsayin kafaɗa, wanda ya girme ni. Kafinta guda, mai gyara ƙofofin unguwa, amma nasa ƙyauren da rauni. Ina 'yar makaranta na tambaye shi dalili. Ya ajiye abin da yake yi ya gaya mini, bai ɓoye kome ba. Wai wani mutum ne ya zo ya zage shi a kan aiki, har ya taɓa iyayensa. Baba ya wurga masa guduma. Mutumin ya sunkuya, gudumar ta wuce ta daki ƙyaure, tazarar tafin hannu tsakaninta da Mama, wadda ta fito da Yaya goye a bayanta. Ya ce zama ya yi a ƙasa har mutumin ya gaji ya tafi.

"Ranar na ce wa Yesu, kai ma kafinta ne, ka san hannu ba ya zama haka kawai. In ba ka ba nawa aiki ba, zai nemo wa kansa." Ya dubi hannun nasa. "In na bar fushi a bakina, sai ya yi wata bai gaji ba. In na sa shi a hannu, kafin la'asar ya fara haki."

Na ce to me ya sa sai ya kai wa mutumin kujerar, ba zai sayar ba? Ya ce, "Ke, wa zai sayi fushin wani? Ai mai shi ake mayar wa. Sai dai ka gyara shi tukuna, yadda zai iya zama a kai."

Kujerun Hajiya mai koko uku na san tarihin kowacce. Ta farko, ta watsa ruwan wanke-wanke a kan katakon da ya shanya. Ta biyu, ta sake watsawa. Ta uku, ta zo ta yi masa faɗa wai katakonsa yana tare wa ruwanta hanya. Kowane karo Baba zai yi sallama a ƙofarta da kujera a hannu, ya ce, "Hajiya, na ga kina tsayuwa da yawa a bakin tukunya." Ita kuwa ta yi ta sa masa albarka, ta aiko mana da ƙosai.

Alhaji mahauci shi ne zakara, bakwai gare shi. Mutum ne mai kirki da baki kamar rediyo. Wata shekara ya ɗaure ragunan Sallah a ginshiƙin rumfar shagon Baba, suka ja rumfar ta rufto a kan teburin da aka gama fenti. Wata shekarar ya shanya fatu a katangarmu ranar da baƙi suka zo neman auren ƙanwar Mama. Yaya kan ce da Alhaji zai ƙara ƙoƙari kaɗan, da ya buɗe makaranta.

Wata Lahadi Fasto ya yi wa'azi cewa bai kamata mai bi ya kwana da fushi ba. Da aka tashi, Baba ya tare shi a bakin ƙofa, hula a hannu. Ya ce, "Fasto, maganarka gaskiya ce, amma nawa fushin ba ya duba agogo. In mutum bai gama ba, amma yana kan aiki, za a karɓa?" Fasto ya yi dariya ya dafa shi, ya ce dattijo da wasa yake. Bai taɓa yarda Baba yana fushi ba, ga shi har a kan gawarsa bai yarda ba.

Benci mafi tsawo da Baba ya taɓa yi, na mijin Gwaggo ne, mijin ƙanwarsa. Akawu ne a ofishin gwamnati, mai ɗaura laktaye ko ana zafin da kaza ke buɗe baki, kuma dattijo ne a cocinmu. Cocin a da rumfar kwano ce a Maamobi, ƙetaren babban lambatu. Bencunan cikinta duka Baba ya yi su, shekara biyu yana tsinto katakon akwatunan kaya yana gogewa, bai karɓi kome ba. Da Allah ya sa aka gina sabuwar majami'a ta bulo, aka sa ranar buɗewa. Ranar mijin Gwaggo ya miƙe a gaban jama'a, ya yi jawabi da Turanci, sannan ya maimaita da Hausa don kada wani ya rasa. Ya ce an kawo kujeru na zamani, zamanin zama a kan tarkacen kafintan bakin lambatu ya wuce, ɗakin Allah ba tashar mota ba ne. Mutane suka yi dariya. Da muka fito, sai muka tarar ya riga ya ba mata masu girki tsofaffin bencunan, an faskara su, da su ake dafa shinkafar biki.

Na dubi Baba. Kunnuwansa suna motsi, ya cire hula ya mayar har sau uku. Aka miƙo masa dafa-duka a faranti, na ce yanzu zai kife shi. Ya karɓa, ya yi addu'a, ya ci. Ya ce wa mai rabon, "Ta nuna da kyau. Katakon kirki ne."

Mako uku ana jin zarto a gidanmu. Sau biyu ya ɗauko man kaɗanya ya mayar, ya wargaza aikin. Abinci ma a shago Mama take kai masa. A karo na uku muka ji shiru, sannan ƙanshin mai ya fito ta ƙasan ƙyaure. Benci ne na mutum shida. Shi da Yaya suka ɗauke shi a ka suka ƙetara lambatu suka kai wa mijin Gwaggo. Baba ya dawo yana fito, ya ci tuwo malmala biyu.

Shi ya gama. Ni ban gama ba. Zuciyarsa na gado, ban gaji zartonsa ba. Daga ranar ban sake gaida mijin Gwaggo ba. In ya shigo ta ƙofa, in fita ta baya. Na sami aikin koyarwa a Kumasi, na tafi da fushina, na riƙa ba shi abinci yana ƙiba har shekara shida.

Da damina ta yi ƙarfi a shekarar da Baba ya rasu, lambatu ya cika ya shiga gidaje, ya cinye ɗakin su Gwaggo. Lokacin mijin nata ya yi ritaya, ciwo ya kama masa ƙafa ɗaya. Ban san kome ba sai da na zo hutu. Na shigo da jakata, na ɗaga labulen ɗakina, sai ga mutumin kwance a kan gadona. Na juyo, ga Baba da furfurarsa yana ɗauke da bokitin ruwan zafi zai kai masa banɗaki.

Abin da na faɗa zan rubuta shi yadda yake, don ban cancanci a rage mini ba. A tsakar gida, gaban Mama da Gwaggo, Hajiya tana leƙe ta katanga, na ce, "Baba, kai ba ka da zuciya. Wannan abin da kake yi ba bin Yesu ba ne, tsoro ne. Duk unguwa an maishe ka tabarma, kowa ya taka ya wuce, kai kuma kana bin su da kujera. Ni kunyarka nake ji."

Ya ajiye bokitin a hankali. Kunnuwan suka motsa. Ya cire hula, bai mayar ba. Ya dube ni, sannan ya juya ya shiga shago. Ban ko kwana ba, na ɗauki jakata na nufi tasha. Har na kai bakin titi ina jin zarton. Kwana tara bayan haka, ya ci abincin rana, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, shi ke nan.

To, ga ni a zaman makoki, kowa a kan kujerarsa, ni a kan tabarma. Can ƙarshen rumfa mijin Gwaggo ne zaune shi kaɗai a kan dogon bencinsa, wanda ruwa ya kasa tafiya da shi, sandarsa a tsakanin ƙafafu, wurin mutum biyar babu kowa.

Da azahar, bayan an dawo daga maƙabarta, Alhaji mahauci ya jawo kujerarsa kusa da ni. Hausarsa ta Nima ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa. Ya ce, "Ku dai kun iya ajiye mutum. Mako uku a firij! Shi da ba ya son sanyi." Na yi murmushin dole. Ya rage murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba. "Kai, kana tsammani ba mu sani ba? Hajiya ne kawai bai sani ba, shi da Fasto. Ni tun kujera na biyu na gane. Wata rana ina son kujera a rumfan nama, na je na tsaya ina zagin aikinsa da gangan. Ya dube ni ya ce, Alhaji, in kujera kake so ka faɗa, ba sai ka wahalar da bakinka ba. Wallahi bai yi mini ba! Ya ce wannan ba fushin gaske ba ne." Ya yi dariya har hawaye suka zubo, daga nan hawayen suka ci gaba ba dariyar. "Sau bakwai mutumin nan ya kama kansa saboda ni. Ni rago nake kayarwa da hannu ɗaya, amma wannan ban iya ba. Cale, abokina, babanka ƙarfi gare shi."

Na tashi. Na shiga ɗakin Mama, na wuce ƙyauren nan mai rami, na ciro mabuɗin daga ƙusa. Sai da na gwada sau uku kafin kwaɗon ya buɗe. Na tura ƙyauren shagon da idona a rufe, don na ce gara hanci ya fara gaya mini.

Ƙanshin ya tare ni tun daga bakin ƙofa.

Na buɗe ido. Tana tsakiyar shagon, an share ƙurar katako an kewaye ta. Ba kujerar tsuguno ba ce, ba benci ba ne. Kujera ce sosai, mai majingina, mai hannuwa biyu, irin wadda ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Ya lafta mata mai har katakon ya kasa shanyewa. Na sa yatsa, ya fito da maiƙo. Na durƙusa na rungume ƙafarta na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

"Har da majingina," in ji Mama daga bayana. Ban ji shigowarta ba. "Ke kam kin ɓata masa rai."

Na ce, "Mama, kin sani?"

"Yaya ba zan sani ba, mutum ya sace mini kwanon mai guda? Kwana shida yana fama. Sau ɗaya ya wargaza. Ran na bakwai na ji shi yana kiran sunanki yana ta kira, har na leƙo ko kin dawo ne. Ya ce da kansa zai kai miki Kumasi bayan Lahadi, kin san ba ya aike."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba? Mako uku!"

"Kin tambaye ni?" Ta gyara ɗaurin zanenta. "Tashi ki fito da abarki. 'Yar kafinta a kan tabarma, mutane suna kallo."

Kujerar tana da nauyi. Na rungumo ta na fito. Hajiya mai koko ta tafa hannu ta ce, "Ei! Wannan ai ke ya fi so duka!" Alhaji ya dubi sama yana tari. Na wuce Mama, na wuce matan zumunta, na wuce Fasto, na tafi har ƙarshen rumfa. Ban shirya zuwa can ba, ƙafafuna ne suka san hanya. Na ajiye ta a gefen dogon bencin, na zauna.

Mijin Gwaggo bai dube ni ba. Ya miƙa hannu ya shafa hannun kujerar, ya kai yatsun hancinsa. Ya ce, "Taki har da wurin jingina."

Na ce, "Naka ya fi tsawo, Kawu. Ina wuni? Yaya ƙafar?"

Sai ya riƙe hannuna. Muka zauna haka har aka fara rabon abinci, mu biyun da muka fi ba Baba aiki.

Kujerun nan suna nan warwatse daga Nima har Maamobi, wasu an gaje su, masu zama a kai ba su san ko sunan wanda ya yi su ba. Shi ya sa na rubuta wannan. Allah ya hutar da kai, Baba, a wurin Kafintan da ka roƙa ya ba hannunka aiki. Man da ka shafa ranar ya bi bayan rigata ta makoki, ya yi tabo daga kafaɗa har ƙugu. Rigar tana cikin akwatina, ban wanke ta ba.